Kyamara da Fitila a Titin Gidan Zu: Tarihin Sana'ar Ɗaukar Hoton Fim a Gyadi-Gyadi da Tarauni

Unguwannin Gyadi-Gyadi da Hausawa, da layukan da suka ratsa tsakanin Titin Zariya da Titin Kotu da Titin Gidan Zu a ƙaramar hukumar Tarauni da maƙwabtanta, sun shafe fiye da shekara 20 suna zama matattarar masu sana'ar fim ɗin Hausa a Kano, domin a benayen da ke bakin waɗannan tituna ne ofisoshin furodusoshi da ɗakunan tace hoto da situdiyon waƙa da shagunan hayar kayan aiki suka yi cincirindo. Yawancin abin da aka rubuta game da wannan masana'anta, wadda Sunusi Shehu Daneji ya raɗa wa suna Kannywood a mujallar Tauraruwa a 1999, ya tsaya ne a kan 'yan wasa da mawaƙa da taƙaddamar da ake yi da malamai da hukuma, alhali mutumin da ke bayan kyamara da yaron da ke riƙe masa fitila, waɗanda ta hannunsu ne duk abin da mai kallo zai gani yake bi, ba kasafai ake jin ɗuriyarsu ba. Sana'arsu kuwa ta ginu ne a kan sarrafa haske, kuma ko da yake kyamara ta yi ta sauya kama tana ƙara araha daga zamani zuwa zamani, sanin haske bai taɓa zuwa cikin kwali tare da ita ba, sai dai a koye shi a hannun wani, a bakin aiki.

Hoto mai motsi ya shigo ƙasar Hausa ta ƙofa biyu a zamanin mulkin mallaka. Ta farko ita ce majigi, wato motar da gwamnati ke turawa garuruwa da ƙauyuka da injin haska hoto, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada a nuna wa jama'a darussan tsafta da noma. Ta biyu kuma ita ce gidan silima na kasuwanci, wanda 'yan Lebanon suka fara buɗewa a Kano da Rex a 1937, daga baya Palace ta biyo a 1951, kuma a irin waɗannan gidaje ne finafinan Indiya suka kafu a zukatan Kanawa. William Sellers, jami'in lafiya da ya jagoranci sashen finafinan mulkin mallaka da Ingila ta kafa a 1939, ya shimfiɗa ƙa'idar cewa a ɗauki fim ɗin da za a nuna wa 'yan Afirka da kyamara a tsaye cak, a tsawaita kowace ɗauka, a guji duk wata dabarar yanka hoto, bisa zaton cewa mai kallon ba zai gane ba. Wannan zato ne na raini, kuma 'yan kallon da ke cika Palace suna bin labaran Indiya masu sarƙaƙiya, ba tare da sun ji kalma ɗaya ta harshen ba, sun isa hujjar da ta rusa shi.

'Yan Arewa na farko da suka riƙe kyamara a matsayin sana'a sun taso ne a sashen fim na gwamnati, kuma fitacce a cikinsu shi ne Adamu Halilu, wanda ya shirya Shaihu Umar a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Waɗannan mutane sun yi aiki da kyamarar zare, wadda ke ɗaukar hoto a kan siririn zare mai sinadari, kuma tsadar zaren ce ta hore su: naɗi guda mai ƙafa 400 na zaren milimita 16 minti 11 kawai yake ɗauka, ba a goge shi a sake, ba a kuma ganin abin da aka ɗauka sai an kai shi ɗakin wanki, sau da yawa a ƙasar waje, ya dawo bayan makonni. Saboda haka mai ɗaukar hoto na wancan zamani ba ya kunna kyamara sai ya auna haske da ma'auni a gefen fuskar ɗan wasa, ya lissafa yadda zai buɗe ƙofar haske, wato ramin da ke cikin gilashin kyamara wanda ake faɗaɗawa ko tsukewa. Karyewar darajar naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ta sa zare ya gagari kowa, kuma Ƙasarmu Ce na Saddiƙ Ɓalewa, wanda ya fito a 1991, yana cikin na ƙarshe-ƙarshe da aka yi ta wannan hanya.

Makarantar da ta fi tasiri a kan masu kyamarar Kano ita ce gidan talabijin. Bayan tashar Kaduna da ta fara aiki a 1962, Kano ta samu tata ta tarayya a 1976, sannan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV 67 a 1982, tashar da yanzu ake kira ARTV, wadda ke Hotoro a kan Titin Maiduguri, jifa kaɗan daga Tarauni. A ɗakunan shirye-shiryen waɗannan tashoshi ne matasa suka fara ganin fitilu rataye a rufi, suka koyi tsarin fitila uku da duniyar fim ta daɗe da shi: babbar fitila da ke haska fuska daga gefe guda, fitilar cike da ke rage duhun inuwa daga ɗaya gefen, da fitilar baya da ke zana haske a kafaɗa da hula domin mutum ya rabu da bango. Sai dai wasan kwaikwayon talabijin, irin su Kuliya da Samanja, ya fi buƙatar a haske ko'ina daidai wa daida domin 'yan wasa su yi zirga-zirga ba tare da sun faɗa duhu ba, kuma wannan shimfiɗaɗɗen haske marar inuwa shi ne gadon farko da fim ɗin bidiyo ya ci.

Gado na biyu daga gidan biki ya fito. Kamfanin JVC na Japan ya fitar da kaset ɗin VHS a 1976, kuma a farkon shekarun 1980 wasu mutanen Kano, waɗanda masu bincike irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu ke ambaton Sani Lamma a cikinsu, sun mallaki kyamarar bidiyo suna ɗaukar taruka da wasannin ƙungiyoyin dirama. Mai ɗaukar biki yana aiki ne a inda ba a cewa a sake: kamu ko ɗaurin aure ko hawan angonci sau ɗaya ake yi, don haka ya saba da saɓa kyamara a kafaɗa, ya tsaya wuri guda yana zuƙo fuskoki da maɓallin zum maimakon ya matsa kusa, ya ɗaura fitila mai zafi a kan kyamarar tana dallare duk wanda ya juya gare shi. Wanda ya kalli finafinan farkon shekarun 1990 da idon basira zai ga waɗannan halaye a cikinsu ƙarara, musamman yawan zuƙowa da turawa a tsakiyar magana, da baƙar inuwar ɗan wasa da ke manne a bango bayansa.

Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990 Salisu Galadanci ya ba da umarni, shi ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka yi domin kasuwa, kuma a cikin waɗanda suka yi tunanin wannan tafiya tun daga tushe akwai marigayi Aminu Hassan Yakasai da Bashir Mudi Yakasai, wanda ake sanyawa a sahun gaba na masu ɗaukar hoto a Kano. Daga nan abin ya bunƙasa da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1994, har zuwa Sangaya na kamfanin Sarauniya a 1999 da Wasila a 2000, lokacin da waƙa da rawa suka zama ginshiƙin ciniki. A lokacin kasuwar kaset tana Ƙofar Wambai da Bata, amma masu shirya fim ɗin sannu a hankali suka karkata zuwa kudancin ganuwa, kuma dalilan a bayyane suke: sababbin unguwanni ne masu shagunan haya a saman bene da faffaɗan titi da motar kaya za ta tsaya, akwai gidajen zamani masu falo da ake aro ko haya domin ɗauka, ga lambun gidan namun daji na Audu Baƙo mai itatuwa da inuwa, sannan mutanen da suka taru daga wurare daban-daban ba su cika sa ido a kan baƙo mai kyamara kamar mazauna lungunan cikin birni ba.

A wannan zamani ne matsalar haske ta fi tsanani, domin kyamarorin da aka fi samu, irin Panasonic M3000 da M9000, ba sa iya haɗa wuri mai tsananin haske da wuri mai duhu a hoto guda. Dole ɗaya ya tafi. Rana a Kano kuwa, wajen azahar, kusan a tsakiyar ka take, tana zuba inuwar hula a goshi, tana mai da gurbin ido rami biyu baƙi. Idan aka haɗa wannan da suturar Bahaushe sai abin ya ƙara dagulewa: alhaji baƙi sanye da farar shadda mai sheƙi yana tsaye a tsakar gida, idan mai kyamara ya tsuke ƙofar haske domin aikin wuyan rigar ya fito sai fuskar ta nutse, idan ya buɗe domin fuskar ta fito sai rigar ta ƙone, wato ta zama farin fili marar zare marar ninki. Maganin da masu sana'ar suka samo shi ne riflekta, abin mayar da haske, wanda a farko ba komai ba ne illa kwali ko falanki da aka liƙa wa takardar azurfa, ko kuma farar kumfar da ake cirowa daga kwalin firji. Yaro zai tsaya daga gefe, ya tari rana da shi, ya karkata shi a hankali har sai hasken ya sauka a kuncin ɗan wasa, ya kuma daure a haka hannu a sama har darakta ya ce a yanke, ko da kuwa idon ɗan wasan na zubar da ƙwalla saboda ƙyalli. Gogaggen mai ɗaukar hoto ya san cewa takardar da aka cukurkuɗa kafin a liƙa ta fi laushin haske a kan wadda aka shimfiɗa sumul, ya san gara a juya wa rana baya a cike fuska da riflekta, ya kuma san cewa hazon hunturu, wanda ke tace rana ya baza haskenta, alheri ne ga fuska ko da yake ƙurarsa na cinye kan kyamara.

Ɗaukar cikin ɗaki ta fi wannan wuya. Fitilun da aka dogara da su na halojin ne masu wat 500 ko 1000, irin waɗanda ake haska harabar gida da su, sai kuma wanda ya samu hali ya yi hayar fitilar fim ta ainihi mai wat 800. Zafinsu kan mai da falo kamar gidan burodi, kwalliyar 'yar wasa ta narke, ƙwan fitilar kuma ya mutu da an ɗan girgiza shi yana da zafi. Tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, janareta ya zama ɗan tawaga, kuma ƙarfinsa ne ke yanke yawan fitilun da za a kunna, ƙararsa kuma ta sa sai an ja doguwar waya an kai shi bayan katanga don kada ya shiga sauti. Akwai kuma batun launi, wanda ido ba ya lura da shi amma kyamara ba ta yafewa: hasken halojin ja-ja ne, kimanin 3200 a ma'aunin Kelvin, na rana kuwa shuɗi-shuɗi ne, kimanin 5600, saboda haka idan taga na buɗe fitila na kunne sai rabin fuska ya yi ruwan goro rabi ya yi shuɗi. Kafin kowace fitowa sai an ɗaga farar takarda a gaban kyamara an danna maɓallin daidaita fari, wato an nuna mata abin da za ta ɗauka a matsayin fari a wannan wuri, kuma da yawa sun gwammace su rufe taga da labule mai kauri su huta. Wannan ne ya sa falon finafinan wancan lokaci yake kama da dare ko da labarin ya ce da hantsi ne.

Masu sukar ingancin hoton waɗannan finafinai sukan manta da cewa abin da suka gani a gida ba shi ne abin da mai kyamara ya ɗauka ba. Kaset ɗin VHS layi kimanin 240 kawai yake iya riƙewa, kuma duk lokacin da aka juya hoto daga kaset zuwa kaset sai ya rage kaifi, launi ya zuba, duhu ya cika da yashi. Daga kaset ɗin kyamara ake juyawa zuwa na tacewa, daga shi zuwa uwar kaset da ake miƙa wa ɗan kasuwa, daga ita zuwa dubban kwafi, kafin masu satar fasaha su ɗora nasu juyin a kai. Mai ɗaukar hoto da ya san wannan tafiya ba zai yi wasa da inuwa mai laushi ko ɗauka daga nesa ba, domin ya tabbata ba za su isa ƙaramar talabijin ɗin gidan haya a raye ba. Sai ya ƙara fitila, ya cika allo da fuska. Adalci shi ne a ɗauki yawancin wannan a matsayin lissafin mai sana'a da ya san kasuwarsa, ko da yake ba a rasa ganganci da gaggawar furodusan da ke son a gama fim cikin 'yan kwanaki ba.

Akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos, wadda aka kafa a 1995, da kwalejin talabijin ta NTA a garin, kuma wasu 'yan Kano sun je sun yi karatu ko gajeren kwas, amma akasarin masu kyamarar Titin Gidan Zu a hannun ubangida suka koya, kamar yadda ake koyon ɗinki ko kanikanci. Yaro yakan fara da ɗaukar jaka da naɗe waya da cajin batir, ya koma riƙe riflekta da saita fitila, daga nan a bar shi ya kafa ƙafar kyamara ya daidaita ta, sai wata rana oga ya gaji ko aiki biyu su haɗe masa ya ce da shi ya ɗauki fitowar da ba ta da wuya. Amfanin wannan tsari shi ne ya buɗe ƙofa ga ɗan talaka marar takardar makaranta, illarsa kuma ita ce yaro yakan gaji kuskuren ogansa tare da gwanintarsa, ya san yadda ake yi bai san dalili ba. Ladan aikin a kan fim ko a kan yini ake yanke shi, ba albashi ba fansho, kuma idan kasuwa ta yi sanyi ɗaukar biki ce ke riƙe gida, abin da ya sa igiyar da ke tsakanin fim da biki ba ta taɓa tsinkewa ba.

Shigowar kaset ɗin MiniDV da kyamarori irin Sony PD150 da PD170 a farkon shekarun 2000 ta kawar da asarar juyi, tunda hoton lambobi ne da ake zubawa a kwamfuta a tace, sai dai faifan VCD da ya gaji kaset a kasuwa ya matse hoton zuwa ɗigo 352 a 288, ribar ta ragu a hanya. A daidai lokacin ne gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, kuma dakatar da ɗaukar fim na watanni a jihar a 2007, da tsauraran dokokin da suka biyo baya, ya sa ma'aikata da dama suka kwashi kayansu zuwa Kaduna da Jos kafin ƙura ta lafa.

Sauyin da ya fi canza kamannin fim ɗin Hausa ya zo ne da kyamarar hoton kati mai ɗaukar bidiyo, wadda Canon 5D Mark II ta buɗe wa hanya a 2008, 7D ta biyo a 2009. Farantin da ke karɓar haske a cikinta babba ne, ana kuma sauya mata gilashi, don haka a karon farko mai ƙaramin jari ya iya sa fuskar ɗan wasa ta fito tar bayansa ya dushe, abin da a da sai a finafinan Indiya da Amurka ake gani. An yi ta wuce gona da iri da wannan dama a shekarun farko, har a ga hanci ya fito kunne ya dushe, ko ɗan wasa ya gusa taku ɗaya ya fice daga saiti, kuma dole ta sa aka koyi murɗa gilashi ana bin mai tafiya. Fitilun LED, marasa zafi, masu aiki da batir, waɗanda ake murɗa launinsu daga na halojin zuwa na rana, sun warware rigimar taga da fitila, sun kuma rage bautar janareta. Allon da ake nunawa shi ma ya sauya: tashar Arewa24 da ta fara a 2014 ta zo da ƙa'idojin ingancin hoto da sauti, silimar Filmhouse da aka buɗe a rukunin shagunan Ado Bayero a kan Titin Gidan Zu a 2015 ta nuna wa masu sana'ar aikinsu a bango guda inda kowane kuskure ke girma, sannan finafinai masu dogon zango irin su Labarina na Aminu Saira da Izzar So, tun daga 2020, suka mai da aikin na mako-mako. A kasuwar waya ta Fam Santa da ke Tarauni kuwa, inda ake tura finafinai a katin waya, ana sayar da zoben fitila da 'yar ƙafar ɗora waya ga matasan da ba su taɓa riƙe wa kowa riflekta ba.

Duk da wannan ci gaba, tambayar da farar shadda ta ɗora tun zamanin VHS tana nan, ta sauya kama ne kawai. Kayan ɗaukar hoto sun daɗe ana gwada su da farar fata, har kamfanin Kodak ya shekara da shekaru yana raba wa ɗakunan wanki katin daidaita launi mai hoton Baturiya, kuma baƙar fata tana da nata hukunci: ta fi son faffaɗan haske mai laushi da zai kwanta a kanta ya fito da sheƙinta, fiye da fitila mai ƙarfi da za a dallara mata kai tsaye. Abin damuwa shi ne, yanzu da gyaran launi a kwamfuta ya zama abu mai sauƙi, wasu kan ɗaga hasken fuska har baƙi ya koma wankan tarwaɗa, wankan tarwaɗa ya koma fari, saboda biyan buƙatar ɗan wasa ko ta mai biki. Wannan gurɓata sana'a ce, kuma tana cusa wa 'yan mata masu kallo wani ma'aunin kyau da ba nasu ba, alhali kyamarorin yau sun fi na kowane zamani iya riƙe baƙar fata da farar riga a hoto ɗaya idan aka samu wanda ya san inda zai ajiye fitila.

Ayyukan masu kyamarar ƙarni na farko su ne ke cikin haɗarin ɓacewa. An gano zaren Shaihu Umar a ma'adanar finafinai ta ƙasa da ke Jos, cibiyar Arsenal ta Jamus ta taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018, fiye da shekara 40 bayan ɗaukarsa, da kaifi da launin da masu shi suka nufa. Kaset ba shi da irin wannan juriya, domin zafi da ƙura da laimar damina suna cin maganaɗisun da ke riƙe hoton, kuma uwayen kaset na ɗaruruwan finafinan shekarun 1990 suna warwatse a hannun furodusoshi da magada da tsofaffin 'yan kasuwa. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera injin kallon VHS, ya daina a 2016, saboda haka duk wanda zai juye waɗannan kaset zuwa kwamfuta dole ya dogara da tsofaffin injuna da 'yan tsirarun masu gyaran da suka rage, kuma galibin abin da ke yawo a YouTube na wancan zamani daga kwafin kasuwa aka ɗauko shi, wanda ya riga ya sha juyi uku ko huɗu.